Bana Ba Za Ki Hau Bene Ba

Ƙofar Sauri, Katsina
6 ga Mayu, 2023

Zuwa ga Yaya Siddiq,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya, sai dai zafi da ya sa mu gaba. Ya aiki, ya sanyin Gembu? Inna tana gaishe ka. Ciwon bayan nan nata ya yi sauƙi, har ta koma dakan yajinta. Ta ce in tuna maka kakarka da kakana ciki ɗaya suka fito, don haka ko ka shimfiɗa titi har bangon duniya, Katsina ce gida.

Wayata ta faɗa cikin ruwan wanke burushi ta mutu, kai kuma an ce inda kuke aikin hanya sai an hau dutse ake samun sabis. Shi ya sa na ba Bala direba wannan takarda, tunda yana kai kaya Jalingo. Ya ce daga can ba za a rasa mai hawo maka da ita ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ka san baje kolin da ƙungiyar masu zane ta garin nan take yi duk ƙarshen Agusta. Bara sun karɓi zanena uku, har da na hasumiyar Gobarau da hantsi, wanda na kwashe wata biyu a kansa. Ranar buɗewa na sa atamfata mai kyau, na tuƙa kekena har wurin. Ina zuwa na tarar a saman bene aka yi abin. Matakala ashirin da uku, Yaya, na ƙirga. Ni da shan inna ta zaunar tun ina shekara huɗu, ina zan kai su? Wasu samari suka ce za su ɗauke ni cak su hau da ni. Na yi musu godiya, na ce ni ba buhun gero ba ce.

Sai na fake gindin darbejiya kusa da mai gyaɗa, ina sauraron masu saukowa. Wani mai babbar riga ya sauko yana ce wa abokinsa, "Wanda ya zana Gobarau ɗin nan hannunsa ya faɗa." Yana juyowa ya gan ni, ya laluba aljihu ya miƙo mini sadaka. Na karɓa na sayi gyaɗa, don ban ga dalilin da zan yi asara biyu a rana ɗaya ba. Na yi dariya a wurin, amma da na koma gida ban iya cin tuwo ba.

Ba ni kaɗai ba ce. Akwai Malam Hussaini na Kambarawa, makaho, mai saƙa faifai da tabarma masu ado, wanda ko gayyatarsa ba a taɓa yi ba. Akwai Fadila, kurma ce, tana zanen tsuntsaye kamar su tashi daga takarda. Ita ta hau benen, amma aka yi ta jawabi awa biyu ba ta san me ake cewa ba.

Shugaban ƙungiyar, Alhaji Ɗanladi, abokinka ne tun firamare. Don Allah ka yi masa magana. Bana ina so in ga zanena a jikin bango da idona, in tsaya kusa da shi a san ni na yi.

Ƙanwarka,
Furera

*

Gembu
22 ga Mayu, 2023

Ƙanwata Furera,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, duk ta sha manja a hanya, amma ta karantu. Ina lafiya, sai mura da ba ta sakina. A nan ruwa ya sauka sosai, rigar sanyi biyu nake sawa ku kuna can kuna fifita. Ki gaishe da Inna, ki ce mata na ji saƙo, kuma yajin nan ina da rabo a ciki.

Labarin gyaɗa ya ba ni dariya har abokan aikina suka zaci albashi aka ƙara. Daga baya kuma abin ya tsaya mini a rai.

Jiya na sauko gari sayen kaya, na samu sabis, na kira Ɗanladi. Mun daɗe muna magana kuma mun gama shawara. Bana ba za ki hau bene ba. Ke da su Malam Hussaini ku yi zamanku a ƙasa kawai, haka ya fi wa kowa sauƙi.

Mai motar da zai sauka da takardar nan yana ta danna mini ham, sauran bayani sai a ta gaba.

Yayanki,
Siddiq

*

Ƙofar Sauri, Katsina
5 ga Yuni, 2023

Yaya Siddiq,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. An yi ruwan fari ranar Talata, gari ya yi daɗi. Allah ya sawwaƙe murar. Inna ta ce ka riƙa shan citta da kanumfari.

Na karanta takardarka sau bakwai. Na ba Inna ta riƙe mini ita daga nesa ko idona ne, na sake karantawa, ba ta canza ba. "Ku yi zamanku a ƙasa kawai, haka ya fi wa kowa sauƙi." To, madalla. Ai zaman ƙasa ba sai an kira waya daga Gembu an nemo mini izininsa ba, shekara talatin ke nan ina yin sa. Na aike ka ka buɗe mini ƙofa, ka je kun haɗu da abokinka kun ƙara mata sakata.

Shekaranjiya Alhaji Ɗanladi ya zo har ƙofar gida ya yi sallama. Na san haƙuri ya zo ba ni, irin wanda ake ba yaro idan za a tafi unguwa ba da shi ba. Na ce a ce masa ina barci. Ya ce zai jira in tashi. Na ce a ce masa barcin mai nisa ne. Washegari na aika masa da takarda cewa na janye zanena daga bajin bana. Inna ta yi mini faɗa, ta ce ba a yi wa babba haka, amma ban sauko ba.

Na je Kambarawa na karanta wa Malam Hussaini abin da ka rubuta. Yana murza kaba ya ce, "To, tunda sun ce mu zamna ƙasa, mi zai hana mu yi namu a ƙasan?" Na rubuta wa Fadila maganar a littafinta, ta buga tebur ta ɗaga babban yatsa. Saboda haka mun yanke: ranar da za su buɗe nasu a sama, mu ma za mu buɗe namu a zauren gidanmu.

Ba fushi nake da kai ba. To, ina ɗan yi. Yajin dai na ce kada a aiko maka.

Furera

*

Ƙofar Sauri, Katsina
10 ga Yuli, 2023

Yaya Siddiq,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Kowa lafiya. Inna ta soya maka naman layya ta ajiye a gwangwani, kullum sai ta leƙa ta ga ko na taɓa.

Mako biyar ke nan shiru. Duk ranar da Bala ya dawo sai in aika tasha, ya ce babu komai. Ko maganata ce ta yi zafi? Idan ita ce, ka rage mata rabi. Idan kuma murar ce ta kwantar da kai, ka sa wani ya rubuto mana ko layi biyu ne, don Inna ta fara cewa ni na kore ka da bakina.

Bari in ba ka labarin shirinmu. Mun zama mu tara. Labari ya zaga, masu sana'ar hannu irinmu suka yi ta zuwa, har da mai walda da hannu ɗaya, yana ƙera raƙuma da guntayen ƙarfe. Muna haɗuwa duk Asabar, kuma a nan na gane ashe ni matakala kaɗai nake gani. Malam Hussaini ya ce shi ko an sauko da bajin tsakiyar titi, idan an ce kada a taɓa, to ba a gayyace shi ba. Ya ce dole a bar mutane su shafa abin da zai shafu, wanda ba zai shafu ba kuma a tsaya a bayyana shi da baki. Na gwada bayyana masa zanena na 'yan fura a bakin kasuwa, ya tsayar da ni ya ce, "Kin ce ja. Ja irin na mi? Na barkono ko na ƙasar gini?" Tun ranar na koma kallon fentina da sabon ido. Fadila kuma ta ce duk abin da za a faɗa a rubuta shi da manyan baƙaƙe a manna, kuma a samo mai maganar hannu ya tsaya inda haske yake.

Sai dai, Yaya, zauren nan ba zai ɗauke mu ba. Keke biyu suka shiga shekaranjiya, na uku ya tsaya a waje. Ga damina, rufin yana yoyo ta kusurwar gabas, har ya ɓata wa Fadila tsuntsu ɗaya. Na tara mutane takwas a kan fushina, yanzu ban san inda zan kai su ba. Ban faɗa wa kowa ba sai kai.

Ka rubuto.

Ƙanwarka,
Furera

*

Gembu
24 ga Yuli, 2023

Ƙanwata Furera, sarkin fushi,

Wa alaikumus salam. Barkanmu da Sallah. Lafiyata ƙalau, murar ta tafi tuni. Ki kwantar wa Inna da hankali. Ruwa ne ya cinye wata gada tsakanin sansaninmu da gari, muka yi sama da wata guda ba shiga ba fita, mu da muka zo gyaran hanya. Takardunki biyu rana ɗaya suka iso, tare da tawa da na rubuta miki tun farkon Yuni, wadda ta dawo mini ba ta je ko'ina ba.

Na karanta ta farko na riƙe kai. Furera, cewa na yi ba za ki hau bene ba domin babu wanda zai hau! Ɗanladi ya yarda a sauko da bajin gaba ɗaya babban ɗakin taro na ƙasa. Abin da ya je gaya miki ke nan kika yi barci mai nisa. Na kira shi yau, ya ce tun da ya ga takardar janyewarki yake tunanin laifin da ya yi, kunya ta hana shi komowa.

Amma da na sake karanta abin da na rubuta, na ga ko ni aka aiko wa haka zan fahimta. Laifin gaggawata ne. Kuma akwai wanda ya fi shi. Ni da Ɗanladi mun zauna a waya mun yanke abin da ya dace da ku, ba mu tambayi ko ɗayanku ba. Da na karanta takardarki ta biyu sai na ga inda muka gaza. Maganar shafawa, da rubutu, da mai maganar hannu, ko ɗaya ba ta zo mana a rai ba. Mu a ganinmu da an sauko ƙasa an gama. Ashe fushin nan naki ya yi aikin da shawararmu ba ta yi ba.

Don haka ga roƙona. Ki je wurin Ɗanladi, amma kada ki je ke kaɗai. Ku tafi ku tara, da duk abin da kuka tsara a zaure. Kada ki rushe taron Asabar.

Ƙofar ɗakin na ƙasa ma tana da 'yan matakala uku. Na sa miki zanen gangaren katako da za a ɗora a kansu, da awonsa, a ba kafinta. Takardar ta ɗan sha ruwa, amma ina jin za ta karantu.

A sake duba maganar yajin nan, don Allah.

Yayanki,
Siddiq

*

Ƙofar Sauri, Katsina
9 ga Agusta, 2023

Yaya Siddiq,

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi da jin lafiyarka. Mu ma lafiya, gero ya yi kai a bayan gari. Inna ta yi hamdala, sannan ta juyo kaina. Ba sai na faɗa maka abin da ta ce ba, har maƙwabta sun ji.

Da na karanta takardarka na ja mayafi na rufe fuska, ni kaɗai a ɗaki. Na yi kwana biyu ina neman yadda zan haɗa ido da Alhaji. Ranar Asabar muka ɗunguma mu tara zuwa shagonsa, kekuna uku a gaba. Na gaishe shi na ce, "Alhaji, na zo neman gafara." Ya ce, "Malama Furera, an tashi lafiya? Barcin ya yi nisa ƙwarai, wata biyu." Kowa ya fashe da dariya, har Fadila da aka rubuta mata daga baya. Ya ce shi ma a yafe masa na bara, don yana sama yana karɓar baƙi, bai san mai Gobarau tana gindin bishiya ba.

Muka karanta masa tsarinmu. Ya yarda da yawanci, amma ya turje a kan shafawa, wai hannun mutane zai ɓata kaya. Malam Hussaini ya miƙa masa faifai ya ce, "Alhaji, rufe idonka ka gaya mani adon da ke jikin wanga." Alhaji ya rufe ido ya yi ta lalube, can ya ce, "Kamar tauraro." Malam ya ce, "Ƙafar kaza ce, amma ka yi ƙoƙari." A nan aka daidaita: za a ware tebura na kayan da za a taɓa, da ruwan wanke hannu a gefe. Kuma ni da Malam mun shiga kwamitin shirya bajin, ba na bana kaɗai ba.

Saura labarin gangarenka. Ruwa ya cinye "goma sha" a takardar, kafinta ya ga "ƙafa takwas" ya yi takwas. Da na gani na ce wannan ai tsani ne aka kwantar. Kafinta ya rantse daidai yake, haka injiniya ya rubuta. Alhaji ya ce a daina musu, shi zai gwada. Ya tattare babbar riga ya zauna a keken ɗaya daga cikinmu, ya yunƙura. Ya kai rabi, keken ya ce bai san zancen ba, ya dawo da shi da baya har cikin kwatamin ruwan sama, hula ta yi nata wuri. Babu abin da ya same shi sai jiƙewa. Yana tashi ya ce wa kafinta, "Ƙara goma."

An ƙara. Jiya na hau shi ni kaɗai, ba wanda ya tura ni, na sauko na sake hawa sau uku don daɗi.

Yaji yana hannun Bala. Ka gode wa Inna, ba ni ba.

Ƙanwarka,
Furera

*

Ƙofar Sauri, Katsina
29 ga Agusta, 2023

Yaya Siddiq,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kuma gadarku tana nan a tsaye. Mu lafiya lau, sai gajiya mai daɗi. Muryata ta dushe, don kwana uku na yi ina magana.

An yi, Yaya. An buɗe ranar Asabar da hantsi, an rufe jiya. Ba a ware mu a lungu ba, aka gauraya kayanmu da na kowa. Zanena na 'yan fura yana tsakiyar bangon da ke kallon ƙofa, ni kuma ina gabansa. Duk wanda ya tambayi mai shi, sai in ce ga ta. Wata malamar makaranta ta ce in riƙa zuwa ina koya wa ɗalibanta ranar Laraba, na ce sai na ga ƙofar ajin tukuna.

Teburin Malam Hussaini ya fi ko'ina cika. Manya da rawani suna layi suna rufe ido, yana gyara musu kuskure ɗaya bayan ɗaya. Mai maganar hannu da muka samo ta tsaya kusa da Alhaji lokacin jawabi. Da ya yi wani barkwanci, na hango Fadila tana dariya tare da kowa, ba bayan kowa ba. Ba komai ne ya yi daidai ba. Ƙofar banɗaki ta yi wa keke ƙunci, sai gidan wani maƙwabci muka riƙa roƙa. Na rubuta shi a gaban littafin kwamiti.

Amma ga abin da na fi so in ba ka labari. Ranar Lahadi bayan azahar sai ga a-daidaita-sahu ya tsaya a ƙofa, aka fito da wata tsohuwa tukuf da sanda. Alhaji yana ganinta ya saki baƙin da yake tare da su ya ruga. Ashe mahaifiyarsa ce, Hajiya Dije. Gwiwoyinta sun daɗe da gajiya. Shekara goma sha ɗaya ɗanta yana shirya bajin nan, ba ta taɓa gani ba. Ta ji a gidan suna cewa bana babu hawa, ta sa aka kawo ta ba ta gaya masa ba.

Ta tako gangaren a hankali, Alhaji na biye da ita hannu a buɗe. Ta zaga ɗakin kaf, tana tsayawa gaban kowane abu. Ta juyo ta ce, "Ɗanladi, ashe abin ga kake yi duk shekara? Ni na zaci taron siyasa ne." Alhaji ya cire tabarau ya yi ta gogewa da bakin riga.

Da ta iso wurina ta daɗe tana duban ƙoren furar da na zana. Ta sa yatsa kusa da ɗaya ta ce adon bakinta bai cika ba, akwai layi biyu da ake yi a ƙasa. Na ce, "Hajiya, a ina kika sani?" Ta ce, "Ɗiyata, ni da na yi shekara ashirin ina zanen ƙwarya da wuƙa mai zafi? Suna nan ƙarƙashin gado cikin buhu, tun kafin a haifi wanga." Ta nuna Alhaji da sanda. Shi kansa bai sani ba.

Ta tambaye ni wa ke rubuta sunayen masu kawo kaya. Na ce ni ce. Ta ce, "To rubuta. Dije, Kambarawa. Baɗi in da rai a aje mani tebur, kuma kusa da ƙofa, don in ga masu shigowa."

Na rubuta, Yaya. Ita ce ta farko a jerin baɗi.

Inna tana gaishe ka, su Malam Hussaini ma haka. Allah ya dawo mana da kai lafiya, ya sa aikinku ya yi albarka.

Ƙanwarka,
Furera